Tazarar Yatsa Biyu a Ƙarƙashin Fijon Malam



Ranar da aka zauna rabon gadon Malam, Allah ya jiƙansa da rahama, ba wanda ya waiwayi motar. An yi lissafin gida, an yi na gona, an yi na littattafansa da ke cikin akwatunan ƙarfe. Da aka iso kan Fijon da ke fake a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai babban yayanmu ya ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora ta a sikeli, a raba abin da ya samu. Ni kuwa na ce a yi mata kuɗi a sa ta cikin kasona. Aka yi dariya, wani ƙanena ya ce ashe a gidan nan akwai mai son gadon wahala. Hajiya, mahaifiyarmu, tana ɗaki tana jin mu, ba ta ce uffan ba. Sai da kowa ya watse ta kira ni ta ce, "In ka tashe ta, ka kai ni Zariya in gaida Yaya a cikinta. A cikinta Malam ya saba kai ni." Wannan maganar ce ta ɗaure ni.

Fijo 504 ce, fara, haɗin Kaduna. Malam ya saye ta a 1982 da bashin motar da aka ba shi lokacin yana hedimasta. Yaran yanzu da suka tashi cikin motocin Kwatano da yawansu ba su san cewa a Kakuri, nan cikin Kaduna, aka riƙa harhaɗa ta ba. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara ta nahiyar Turai, a 1975 kuma masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki. A wannan shekarar ce ma wata 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, inda ake gudu a kan laka da duwatsu. Turawa sun bar ƙera salun ɗinta tun 1983, mu kuwa muka ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. A wancan zamanin ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce motar ɗaukar amarya, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Duk wanda ya haura arba'in a ƙasar nan yana da labarin da ya faru da shi a kujerar bayan Fijo.

Shekara shida ta yi a gindin bishiyar nan bayan rasuwar Malam. Tayoyi sun zauna, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, ɓeraye sun ci wayoyi. A 2022 na fara tashinta kaɗan-kaɗan, daga albashi zuwa albashi. Aka wanke tanki da kafireto, aka sa batir da fulogi, aka gyara lagireto, aka sake birki gaba da baya, na sayi tayoyi huɗu masu lamba 175 a kan rim 14 irin nata na asali. Salansa kuwa tsatsa ta cinye ta tas, kana taɓawa tana zuba kamar garin kwaki. Na je wajen wani mai walda a unguwarmu, ya lanƙwasa bututu da ido, ya jona nan, ya ɗinke can, kafin la'asar ya haɗa mini sabuwa tun daga bakin injin har baya. Kuɗin bai kai rabin abin da aka ce mini a kasuwa ba. Na dawo gida ina jin na yi wayo.

Ranar da ta fara tashi, Hajiya ta fito har zaure ta tsaya tana sauraron ƙarar injin. Ba ta ce komai ba, ta dai goge ido da gefen mayafi ta koma ciki.

Sati biyu ina yawo da ita cikin gari ina gwadawa kafin tafiyar Zariya. A nan ne na fara jin wata ƴar ƙara, ƙyas, daga ƙasan gaba ta dama, musamman in na karya kwana. Ba kullum ba. Wani lokaci kwana uku ba ka ji ba, sai ranar da ka manta ta dawo. Wata rana kuma na ji kamar warin roba na ƙonewa, na tsaya na buɗe bonet ban ga komai ba. Na ce a raina tsohuwar mota ce, dole ta yi tari. Na ƙara ƙarar rediyo.

Wata Asabar da yamma na ɗauko yarana biyu daga Islamiyya. Shiga layinmu daga babban titi kwanar hagu ce mai tsini, kuma a bakin layin akwai kwalbati mai ɗan tudu, wanda gefensa na dama ya fi tsayi. Na jira ababen hawa suka wuce, na murɗe sitiyari har ƙarshe, na taka totur don in haye kafin wata tifa ta iso. Motar ta hau kwalbatin, na saki sitiyari don ya dawo daidai kamar yadda ya saba. Bai dawo ba. Na ja shi da hannu biyu, na ji shi kamar an sa masa sakata. Motar ta ci gaba da kwana hagu, ta nufi teburin mai shayi inda mutum huɗu ke zaune a benci. Na ɗauke ƙafa daga totur na danne birki da duk ƙarfina. A daidai wannan lokacin na ji ƙas, sitiyarin ya saki, ya juya a hannuna kamar ba abin da ya faru. Bambar ta tsaya bai fi taku ɗaya ba tsakaninta da bencin. Mai shayi ya ɗaga ludayi sama yana salati. Ƙaramar ƴata da ke baya ta bugi kujera ta fasa leɓe.

Da daddare uwargida ta wanke wa yarinyar baki, ta ce mini cikin sanyin murya, "Baban Ummi, ban hana ka son motar mahaifinka ba. Amma yarana sun gama shigarta." Ban iya ce mata komai ba, domin gaskiyarta ce.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan yi wa wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba bayanin yadda abin yake, don ni ma sai daga baya na gane. In ka murɗa sitiyari, sandarsa tana juya wani ɗan ƙaramin giya a ƙasa. Giyan nan yana cizon wata doguwar sanda mai haƙora da ke kwance a gicciye a ƙarƙashin injin, wadda kanikawa ke kira rak, yana tura ta hagu ko dama. A kowane ƙarshen rak akwai wata siririyar sandar ƙarfe mai gaɓa a kai da gindi, ita ce tayarod. Ita ke kama hannun ƙafar mota ta juya taya. Kaurinta bai wuce babban yatsa ba, amma duk abin da hannunka ya umarta, ta kanta yake bi ya isa taya. Kuma ba a zaune take wuri ɗaya ba. Tana tafiya hagu da dama in ka yi kwana, tana kuma hawa da sauka tare da taya in ka shiga rami ko ka hau tudu. Saboda haka masu ƙera mota suke bar mata fili a kewaye, kada ta taɓa injin, kada ta taɓa salansa, kada ta taɓa bodi, duk inda ta juya.

Washegari na kai motar wani gareji kusa da mu. Saurayi ne mai garejin, mai hanzari da fara'a, ya fi sabawa da motocin zamani. Ya sa jak ya ɗaga gaban motar, tayoyi suna lilo, ya sa yaronsa ya murɗa sitiyari hagu da dama. Ba abin da ya taɓa wani abu. Ya ce, "Oga, lafiyarta ƙalau." Na nace, na rantse masa da abin da ya faru. Ya haska tocila, sai ga wani wuri a jikin tayarod ta dama yana ƙyalli kamar an goge shi da sanfefa, a samansa kuma ga bututun salansa da irin wannan tabon. Ya ce, "Ka ga inda suke gaisawa. Ƙaramin aiki ne." Ya kira mai walda na kusa, aka hura wuta a kan tayarod har ta yi ja, ya sa dogon ƙarfe ya danna ta ƙasa ta yi ɗan doro, aka watsa mata ruwa ta yi cuuu. Ya murɗa wani abu a bakinta, ya ɗaure noti, ya ce an gama. Ko awa ɗaya ba mu yi ba.

Ƙarar ta ɗauke, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma sai sitiyari ya karkace, kana tafiya miƙe shi yana kallon gefe. Motar ta fara ja ɓari guda, in na saki hannu sai ta nufi bakin titi. Cikin sati uku sabuwar tayar dama ta cinye ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa kamar yau aka saya. Hajiya ta tambaye ni sau biyu, "Yaushe ne tafiyar tamu?" Ina ce mata sai an ƙarasa ɗan gyara. A gaskiya tsoro nake ji. Na fara tunanin ko yayanmu ne ya fi ni gaskiya, a kai ta sikeli kowa ya huta.

Hajiya ce ta warware mini. Ta ce, "Wai ka je wajen mutumin Malam kuwa? Shekara talatin ba wanda ya taɓa motar nan sai shi." Na san shi tun ina yaro, Baba muke ce masa. A masana'antar Kakuri ya yi ƙuruciyarsa, daga baya ya buɗe garejinsa a wani lungu ta wajen Tudun Wada. Na ɗauka ya daina aiki. Ashe yana nan, ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi hazo, yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota yana ba yara umarni da sanda.

Da na shigo da motar bai dube ni ba, ita ya duba. Ya miƙe a hankali, ya dafa bonet ya ce, "Allah ya jiƙan mai ke." Sannan ya juyo gare ni. "Kai ne na ukun ko na huɗun?" Na durƙusa na gaishe shi, na ce na ukun ne. Na kwashe labari duka na faɗa masa, tun daga ƙyas har bencin mai shayi. Bai katse ni ba sai da na zo kan hura wuta. Nan ya ɗaga sanda.

"Tsaya. Wuta aka sa wa tayarod?"

"E, Baba."

"Kuma ka hau ta ka zo nan da ita?"

"E, Baba."

Ya yi shiru, ya girgiza kai. "Ɗan Malam, garin neman gira ka tashi rasa ido. Ku tura ta kan rami."

Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Ya hana a sa jak. Ya ce in ka ɗaga mota tayoyi suna lilo, ƙafa tana sauka, tayarod ta bi ta ƙasa, sai ka ga fili fetal tsakaninta da salansa ka ce lafiya lau. Wannan ne ya ruɗi yaron farko. Mota ba a sama take tafiya ba, a kan ƙafafunta take, da nauyinta, don haka a nan za a tambaye ta. Ya sa aka kawo alli aka shafe ƙasan bututun salansa da shi. Ya aiki yaro ya ɗebo yumɓu mai laushi, ya mulmula kamar ƙwallon fura, ya manna a kan tayarod daidai ƙarƙashin bututun. Ya sauka cikin ramin da kansa, yara biyu suna riƙe da shi, ya ce in biyo shi.

Gwaji uku ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Na farko, motar na tsaye, yaro ya murɗe sitiyari hagu har ƙarshe, ya dawo dama har ƙarshe. Yumɓun ya ɗan taɓu, alli ya ɗan shafe shi. Na biyu, ya sa yara uku ƙarti suka hau kafaɗar motar ta dama suka zauna, gaban ya nutse, aka sake murɗawa. Wannan karon yumɓun ya baje kamar an taka shi. Ya ɓamɓaro shi ya nuna mini a tafin hannu: a tsakiya kaurinsa bai kai na kwali ba. Ya ce, "Ka gani? Duk doron da aka yi mata, ga abin da ya rage tsakaninka da lahira."

Na uku a waje aka yi shi. Muka fito daga ramin, aka tare tayoyi da duwatsu, aka buɗe bonet. Ya ce in shiga in tayar, in ja hambirki, in taka birki, in sa giya ɗaya in ɗan saki kulochi ina ba ta wuta kaɗan. Ya sa babban yaronsa ya karɓe ni don in fito in gani da idona. Da aka ba ta wuta sai na ga injin gaba ɗaya ya sunkuya dama, ya nutse kamar raƙumi zai durƙusa, da aka saki ya ɗago. Baba ya nuna da sanda ya ce, "Ga ɓarawonka nan. Ba a inda kuke nema gizo ke saƙa ba."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Injin 504 dama can a kishingiɗe yake, an kwantar da shi ɓangaren dama don bonet ya yi ƙasa, kuma ta wannan ɓangaren salansa ke fita. Injin ba a kan ƙarfe tsura yake zaune ba. Yana kan matasai biyu na roba mai tauri da aka matse tsakanin faranti biyu na ƙarfe, su ne kanikawa ke ce wa injin-sit. Na motar Malam sun yi shekara da shekaru, baƙin mai yana ɗiga a kan na dama har robar ta jiƙe ta yi laushi ta zauna. Injin ya sauko, salansar da ke ɗaure a jikinsa ta biyo shi. Mai waldan da ya haɗa mini sabuwar salansa bai san hanyar da ta asali ke bi ba, ya lanƙwasa tasa ta ratsa kusa da tayarod fiye da kima, ya kuma bar wani ƙullutun walda a ƙasanta kamar kan ƙusa.

"To yanzu haɗa su," in ji shi, yana lissafi da yatsu. "Ka karya kwanar hagu har ƙarshe, notin tayarod ya matso daidai ƙarƙashin ƙullutun. Ɗaya ke nan. In mota tana kwanar hagu nauyinta dama yake komawa, ga shi tayar dama ta hau tudun kwalbati, ƙafa ta shige sama ta ɗago tayarod. Biyu ke nan. Ka taka totur, injin ya sunkuya dama ya danno salansa ƙasa. Uku. Noti ya shiga bayan ƙullutu ya maƙale. Da ka ɗauke ƙafa daga totur injin ya ɗago, ya sake ka. Shi ya sa ba kullum kake ji ba. Sai ranar da ukun suka haɗu."

Ya kuma nuna mini asalin warin da na ji. A bakin rak akwai wata roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri, aikinta ta hana yashi da ruwa shiga, ta riƙe giris a ciki. Zafin salansa ya gasa ta ta tsage. Da na ci gaba da hawa, damina ɗaya ta isa yashi ya cinye haƙoran rak ɗin.

Sannan aka kwance tayarod ɗin da aka lanƙwasa. A nan ne jikina ya yi sanyi. Baba ya ce sanda in ta yi doro tsawonta raguwa yake, shi ya sa taya ta karkace. Don ya cike giɓin, saurayin ya warware kan tayarod ɗin ya fito da shi waje, har ya zama tiredi huɗu kacal ke riƙe da shi. Ya sa na ƙirga da farcena. Huɗu. Ya ce ƙa'idar da aka koya musu, abin da zai shige ciki kada ya gaza kaurin sandar kanta, in ya fi haka ma ya fi kyau. Ya ƙara da cewa ƙarfen sitiyari da na birki ba a sa musu wuta. An riga an gasa su an daidaita taurinsu tun daga masana'anta. In ka mayar da shi ja ka watsa masa ruwa, ba ka san abin da ka mayar da shi ba, ko ya yi laushi ya riƙa lanƙwashewa, ko ya yi gautsi ya karye rana ɗaya ba sallama. Kuma sanda miƙaƙƙiya tana jure turi, mai doro kuwa duk ramin da ka faɗa ƙara mata doron yake.

Na ce, "Baba, to da an ɗan daki salansar da guduma ta shige ciki fa?"

Ya ce, "Da ya fi wuta a kan tayarod sau dubu, don salansa in ta lalace ƙara kawai za ta yi maka. Amma da ka sayi wata uku ne kawai. Injin yana ci gaba da sauka, wata rana ya sake cim mata. Kamfani ya bar fili a wurin nan, shekara arba'in ba su taɓa juna ba. In ka ga fili ya rufe, tambayar farko ita ce, wa ya matso? Wanda ya matso shi za ka mayar wurinsa. Ba ka kama wanda ke kan hanyarsa ka karya masa ƙafa."

Ya haɗa ni da babban yaronsa muka tafi Panteka. Wanda bai san Kaduna ba, Panteka kasuwa ce ta ƙarfe da kayan gyara, inda za ka ji guduma tun daga bakin titi. Mun sha yawo kafin mu samu, domin kayan 504 sun fara wuya, masu su kuma tsofaffi ne da suka san darajar abin da ke hannunsu. Muka sayi injin-sit guda biyu, don Baba ya ce ba a sake ɗaya a bar ɗaya, sabo da tsoho ba sa ɗaukar kaya daidai. Muka sayi tayarod da kanta, da robar rak. Yaron ya riƙa mirgina kowace sanda a kan teburin ƙarfe yana duba ko za ta yi rawa, ya ƙi guda biyu kafin ya karɓi ta uku. Da muka dawo aka ajiye tsohon injin-sit kusa da sabo a ƙasa. Tsohon ya gaza sabon da kaurin yatsa guda cur.

Kwana biyu aikin ya ci. Aka tallafe injin da jak da katako, aka sake matasan biyu, aka toshe inda baƙin mai ke ɗiga don kada sabuwar robar ta bi sawun tsohuwa. Sai da injin ya koma mazauninsa sannan Baba ya kira mai waldansa, domin in an gyara salansa kafin a ɗaga injin, awon ƙarya za a yi. Aka yanke guntun da ya ratso, aka lanƙwasa sabo ya bi ta inda na asali ke bi, aka goge duk wani ƙullutu. Aka sa sabuwar tayarod da robarta, aka cika giris, aka ɗaure noti. Ya sa aka ja zare daga tayoyin baya zuwa na gaba, ya daidaita su da tef har sitiyari ya tsaya cak a tsakiya, sannan ya ce duk da haka in kai ta wajen masu na'urar alaimen su tabbatar, domin idonsa ba kamar da ba.

Daga nan aka maimaita gwajin nan uku, ba a rage ko ɗaya ba. Alli, yumɓu, yara uku a kafaɗar dama, sitiyari har ƙarshe hagu da dama, sannan aka koma kafaɗar hagu aka yi haka nan. Ya sa aka duba ko taya na gogar bodi ko tiyon birki yana miƙewa in an murɗe. A ƙarshe ya zura yatsunsa biyu tsakanin salansa da tayarod, yara na zaune a sama, sitiyari a murɗe. Suka shige ba tare da sun taɓa komai ba. Ya ce, "Wannan shi ne awona. Kusa da abu mai zafi, yatsa biyu, a lokacin da ta fi matsuwa. In ka samu haka, je ka."

Da na tambayi kuɗin aiki ya ce in biya yara, shi Malam ya riga ya biya shi tun ina goye. Na yi, na yi, ya ƙi. Abu ɗaya ya roƙa, in bar masa lanƙwasasshiyar tayarod ɗin. Ya sa aka rataye ta a ƙusa a bakin rumfa, ya ce duk sabon yaron da aka kawo koyon aiki da ita zai fara karatu.

Ban koma na yi wa saurayin farko faɗa ba. Na dai bi ta wajensa na faɗa masa abin da aka samu, har da tiredi huɗun. Ya yi shiru, ya ce wallahi haka ya ga ana yi. Na yarda da shi. Ni ma da na ji ƙyas na ƙara ƙarar rediyo, kuma ni na zaɓi salansar araha ina murna. Laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Kafin in ɗauki kowa, sai da na je kwalbatin bakin layinmu ni kaɗai da sassafe, kafin mai shayi ya fito. Na murɗe hagu har ƙarshe, na taka totur, na haye. Sitiyari ya zamo cikin tafin hannuna ya dawo tsakiya da kansa. Na yi ribas na sake. Sau biyar na yi, har wani mai gadi ya leƙo yana kallona kamar na taɓu.

Ranar Lahadi muka kama hanyar Zariya, ni da Hajiya. Ta ƙi zama gaba, ta ce ita wurinta baya ne ta dama, nan ta saba. Ban wuce saba'in ba duk tafiyar. Wajen Jaji ta ce in rage gilashi, ta ce har yanzu kujerun suna ƙanshin turaren Malam, ko da yake ni ban ji komai ba sai ƙura da fetur. Da muka shiga cikin birni muka tsaya a ƙofar gidan yayarta, tsohuwar ta fito da sanda, ta tsaya tana kallon motar kafin ta kalli ƙanwarta. Ta ce, "Ikon Allah. Ita ce dai?" Hajiya ta ce, "Ita ce."

Uwargida ba ta janye maganarta nan take ba, ni ma ban matsa mata ba. Sai bayan wata biyu, ranar wata Juma'a, na fito zan tafi masallaci na tarar da yaran a kujerar baya da hulunansu, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Ka dai bi a hankali a kwanar nan."

Yanzu duk farkon wata nakan shimfiɗa buhu in kwanta a gefen motar, a kan ƙafafunta, in sa babban ɗana ya murɗe sitiyari hagu, in zura yatsa biyu. Ranar da suka ƙi shiga, na san ba tayarod zan tuhuma ba, zan tashi in nemi wanda ya matso.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ƙara wa Baba lafiya, ya tsare mu a kan hanya. Inda na yi kuskure a gyara mini.